Binciken bambancin albashin mata da maza: hanya ce da za ta ɓulle a nan Damagaram?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ƴar Birni nan Zinder, ina shekara ta biyu a fannin tattalin arziki a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wani malaminmu ya ba mu labarin wata Ba'amurkiya Claudia Goldin da ta samu kyautar Nobel saboda binciken bambancin albashi tsakanin mata da maza, abin ya shiga raina har nake jin shi nake so in yi a rayuwata. Da na zo hutu na faɗa wa kawuna, sai ya ce wannan zancen Turawa ne, a Nijar malama da malami albashinsu ɗaya, kuma mata nawa ne ma ke ɗaukar albashi. Na rasa amsar da zan ba shi. Don Allah me matar nan ta yi takamaimai, kuma wannan hanya ce da mutum zai bi a ƙasarmu ko ɓata lokaci ne?"

Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya yi miki albarka ya sa karatu ya yi amfani. In na fahimce ki abu biyu kike tambaya a haɗe, me Goldin ta gano da har aka ba ta wannan kyauta, sannan ko irin aikinta yana da wurin zama a ƙasar da mafi yawan jama'a ba su taɓa ganin takardar albashi da idonsu ba. Na ji daɗin tambayar ƙwarai domin shekaru na yi ina koyar da tattalin arzikin ƙwadago, na kuma yi yawon bincike gida-gida a cikin gari da ƙauyukan jihar nan, kuma ɗalibai kaɗan ne ke tambayar wannan, yawanci banki da kwastan ne a ransu.

Bari in fara da kawunki, kar ki yi saurin yi masa gardama. Maganarsa akwai gaskiya a ciki. A aikin gwamnati albashi yana bin rukuni ne da mataki, A ko B ko C, malama da malami in suna rukuni ɗaya da shekarun aiki ɗaya to abin da zai faɗo musu ƙarshen wata ɗaya ne. Dokar ƙwadago ta 2012 ita ma ta wajabta biya ɗaya ga aiki mai daraja ɗaya. Sai dai tambayarsa ta biyu, "mata nawa ne ma ke ɗaukar albashi", ita ce ainihin tambayar da masu wannan fanni suke kashe rayuwarsu a kai, ya yi tambayar bincike bai sani ba. Za mu dawo kanta.

Matar da aka ba ku labarinta

An haifi Claudia Goldin a 1946 a unguwar Bronx ta birnin New York. Tana yarinya ilimin ƙwayoyin cuta take so, sai da ta shiga jami'ar Cornell ta karkata zuwa tattalin arziki. Ta yi doktora a jami'ar Chicago ta gama a 1972 a ƙarƙashin Robert Fogel, wanda shi ma daga baya ya samu Nobel, kuma abin da ta rubuta a kai ba ma zancen mata ba ne, bauta ce a biranen kudancin Amurka kafin yaƙin basasarsu. Ki riƙe wannan, asalinta mai tarihin tattalin arziki ce, mai tonon tsofaffin takardu. Ta koyar a Wisconsin, ta koyar a Princeton, ta daɗe a Pennsylvania, sai a 1990 ta koma Harvard inda ta zama mace ta farko da sashen tattalin arzikinsu ya ba kujerar dindindin. Kyautar kuwa sai Oktoba 2023, wato shekara 51 bayan doktora. Ita ce mace ta uku da ta samu Nobel na tattalin arziki bayan Elinor Ostrom a 2009 da Esther Duflo a 2019, kuma ta farko da ta karɓa ita kaɗai ba a haɗa ta da kowa ba.

Babban aikinta na farko kan mata, wanda ya fito a littafi a 1990, shi ne ta bi sawun aikin matan Amurka na tsawon kusan shekara 200. Kafin ita abin da kowa ke ɗauka shi ne duk lokacin da ƙasa ta ƙara arziki to mata suna ƙara shiga aiki, layi miƙaƙƙe yana hawa. Da ta tono sai ta tarar ba haka ba ne. A zamanin noma matan aure suna aiki sosai a gona da sana'ar gida, da masana'antu suka zo aiki ya bar gida ya koma wani wuri mai nisa sai shigarsu ta ragu, sai daga baya da aikin ofis da karatun ƴaƴa mata suka yawaita ta sake tashi. Shi ya sa ake cewa siffar harafin U ce. Amma ni abin da ya fi taɓa ni a aikin nan shi ne yadda ta gano cewa masu ƙidayar da can, in suka zo kan matar aure, a gurbin sana'a sai su rubuta "matar aure" kawai su wuce, ko da kuwa ita ke riƙe da gona ko tana dafa wa ƴan haya abinci ko tana ɗinki ana biyanta. Da ta gyara lissafin ta hanyar haɗa wasu tsofaffin bayanai, sai ga shi a ƙarshen shekarun 1890 matan aure masu aiki sun kusa ninka abin da ƙidaya ta nuna sau uku. Ki ajiye wannan ma a gefe.

Ta kuma tono yadda a farkon ƙarni na 20 makarantu da kamfanoni da yawa a Amurka suke da doka a rubuce, mace in ta yi aure a sallame ta, ko kuma ba a ɗaukar matar aure tun farko. Ita da Lawrence Katz, abokin aikinta kuma mijinta, sun nuna a 2002 yadda samuwar ƙwayar tsara iyali ga ƴan matan Amurka a wajen ƙarshen shekarun 1960 ta zo daidai da lokacin da suka fara cika makarantun likitanci da lauyanci. Akwai wani aikinta da Cecilia Rouse na shekarar 2000 da ya yi suna sosai, kan ƙungiyoyin makaɗa da suka fara sa labule tsakanin mai gwaji da alƙalai don kar a ga mace ce ko namiji, suka ce hakan ya taimaki mata. Wannan ɗin daga baya wasu masana lissafi sun sake duba alƙaluman suka ce ba su da ƙarfi kamar yadda ake yayatawa, kuma ina faɗa miki ne don ki san a wannan sana'a ko mai Nobel ana bin aikinsa da ƙwaƙƙwafi, haka ya kamata.

Wanda ya fi kusa da zancen albashi shi ne na 2010, ita da Katz da Marianne Bertrand. Sun bi mutanen da suka gama babbar makarantar kasuwanci ta Chicago, maza da mata masu takarda iri ɗaya. A shekarar farko abin da suke samu kusan ɗaya ne. Bayan shekara 10 zuwa 15 rata ta buɗe sosai, da suka bi diddigi sai suka ga mafi yawanta daga hutun aiki da raguwar awoyi ne, su kuma waɗannan suna farawa ne da haihuwar fari. Daga nan ta gina bayanin da aka fi saninta da shi yanzu, wanda take kira aiki mai haɗama, wato irin aikin da in ka ba shi awa 60 a mako ba ninki ɗaya da rabi na mai awa 40 za a biya ka ba, fiye da haka nesa, domin ana son a kira ka tsakar dare ka ɗauka. To miji da mata masu yara ba za su iya ɗaukar irin wannan aiki su biyun ba, dole ɗaya ya sassauta, kuma kusan kullum matar ce. Ta kawo misalin masu harhaɗa magani a Amurka, inda wani yana iya tsayawa a madadin wani ba tare da mai saye ya damu ba, a can ratar ƙarama ce ƙwarai. A Danmak ma Henrik Kleven da abokansa sun tarar bayan haihuwar fari abin da mace ke samu yana faɗuwa da kusan kashi 20 cikin 100 kuma ba ya komawa, na namiji ko gezau.

Yadda ake auna ratar

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, har masu ilimi. In aka ce mata suna samun ƙasa da maza da kusan kashi 20 cikin 100 a duniya, kamar yadda ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018, ba ana nufin an zaunar da mutum biyu a tebur ɗaya an ba wannan jika 100 an ba waccan jika 80 ba. Matsakaici ne na dukan mata masu albashi da na dukan maza masu albashi. Aikin mai bincike shi ne ya warware wannan dunƙulen. Tun 1973 Ronald Oaxaca da Alan Blinder, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da hanyar da har yau muke amfani da ita, za ku yi ta in kun kai darasin ekonometiri, wato auna al'amuran tattalin arziki da lissafin ƙididdiga. A sauƙaƙe, ana raba ratar gida biyu, kason da bambancin karatu da shekarun aiki da irin sana'a suka bayyana, da kason da ya rage babu bayani.

Wata ƙwararriyar da ya kamata ki sani ita ce Francine Blau ta jami'ar Cornell, ba ta kai Goldin suna a rediyo ba amma a wurin masu fannin babba ce. Ita da Lawrence Kahn sun nuna a 2017 cewa a Amurka ladan awa na mace ya tashi daga kusan kashi 62 cikin 100 na namiji a 1980 zuwa kusan 79 a 2010, kuma in an daidaita karatu da gogewa da irin sana'a da masana'anta yana kaiwa wajen 92. Karatu ya daina bayyana komai a can domin matan sun ma wuce mazan a digiri, abin da ya fi nauyi shi ne irin sana'ar da kowa ya faɗa. Sun kuma daɗe suna nuna wani abu da ya haɗa zancen mata da zancen rashin daidaiton albashi gaba ɗaya: ƙasar da tazara tsakanin na sama da na ƙasa take da faɗi, to ratar mata ma takan yi faɗi, domin mata sun fi yawa a matakan ƙasa. Shi ya sa ba a raba fannonin biyu. Goldin da Katz ma suna da babban aiki na 2008 kan tseren da ake yi tsakanin ilimi da fasaha, in fasaha ta yi gaba makaranta ta kasa kamo ta sai masu takarda su yi tsada, sauran a bar su a baya.

Gargaɗi biyu nake wa ɗalibaina kullum. Kason da ya rage babu bayani ba hujja ba ce kai tsaye cewa wariya ce, yana iya zama wani abu da ba mu auna ba. Haka kuma kason da aka ce "an bayyana" ba ya nufin adalci ne. In an ce mace tana samun kaɗan saboda ta tsaya a aji shida na firamare, lissafi ya bayyana, amma wa ya cire ta daga lakwal, kuma me ya sa ɗan'uwanta ya ci gaba? Lissafin ba ya amsa wannan, sai kin fita kin tambayi mutane.

Mu dawo gida

Yanzu ki tuna mai ƙidayar Amurka da ke rubuta "matar aure". Na ga irinsa da idona, ba sau ɗaya ba. Wata rana muna bincike a wani gida a Garin Malam, muka zauna da maigida a zaure, saurayin da ke cika takarda ya tambaye shi ko matarsa tana aiki, ya ce a'a, tana gida ba ta aikin komai. Kuma ba ƙarya yake nufi ba, a wurinsa aiki shi ne a fita da safe a dawo da yamma. Yaron har ya sa alƙalami zai rubuta. Alhali tun da muka zauna ƙamshin suyar gyaɗa ke shigowa zauren, ana jin lugude daga ciki, kuma a gabanmu wata yarinya ta fito da tire a kai cike da ƙuli-ƙuli ta nufi bakin titi. Da abokiyar aikinmu mace ta shiga ciki ta tarar da kwalaben man gyaɗa jere a gindin bango, tunkuza a cikin roba, matar tana murza da hannu gumi na zuba, ga wata maƙwabciya ta aiko a auna mata na dala ashirin. Ita ce ke zubin adashe duk mako, ita ke tara kayan ɗakin ƴarta, kuma da aka tambaye ta ta ce wani lokacin in wata ya yi nisa maigidan ma rance yake karɓa a hannunta ya biya daga baya. Da ba mu je da mace ba, da wannan matar ta shiga kwamfuta a matsayin marar aiki, daga kwamfuta ta shiga rahoto, daga rahoto wani a Yamai ko Washinton ya tsara manufa a kanta.

Wannan ba sabon gani ba ne. Polly Hill, wata Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, tun 1969 ta rubuta a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na matan kulle a ƙasar Hausa, kasuwa sukutum da ke ci daga gida zuwa gida ta hannun yara. Abin da ya rage shi ne aunawa da kyau, kuma a nan wahalar take. Albashi lamba ɗaya ce a takarda. Ribar mai ƙuli-ƙuli kuwa sai kin zauna kin cire kuɗin tiyar gyaɗa, kuɗin niƙa, itace, bidon ruwa daga ɗan ga-ruwa wanda kin san yadda yake tsada a garin nan in zafi ya yi famfo ya ɗauke, sannan abin da aka ci a gida daga cikin kayan, sannan ki raba da awoyin da ta yi tare da na ƴar tallar. Sau da yawa in an tambaye ta riba, cinikin yini gaba ɗaya take faɗa, uwa da riba a haɗe. Na sha yin wannan lissafi da mata a kan tabarma, wasu in muka gama sai su yi shiru, domin ranar suka fara ganin abin da awa ɗaya ta wahalarsu take kawowa. Albashi mafi ƙanƙanta a doka ya daɗe a sefa 30,047 kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 a 2024, amma wannan doka ba ta shiga tsakar gidan nan, haka ba ta bin ɗan kabu-kabu ko ɗan dako a kasuwar Dole.

A ƙauye kuma zancen gona ne. Kin san akwai gandu na gida, akwai gayauna ko gamana da ake yankar wa mace. Christopher Udry ya yi wani aiki a 1996 da bayanan Burkina Faso, ya kwatanta gonar miji da ta mata a gida ɗaya, amfani iri ɗaya, shekara ɗaya, ya tarar ta matar tana ba da ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100, kuma dalilin taki da hannun aiki ne da ke tafiya gonar miji. Rahoton Bankin Duniya na 2014 kan noma a ƙasashen Afirka shida, da aka kwatanta gonaki masu girma ɗaya a yanki ɗaya, Nijar ce ta fi kowa rata, kashi 66 cikin 100. Duk wanda ya yi damina a wajen Matamaye ko Magarya ya san yadda abin yake, sai an gama noman gandu ake waiwayar gayaunarta, lokacin ciyawa ta riga ta ci gero. Wannan ita ce ratar albashinmu, a buhu ake auna ta.

Ko a cikin masu albashin ma akwai abin dubawa. Gaskiya ne mataki ɗaya biya ɗaya, amma wa ke hawa matakin? Ki leƙa makarantun firamare na cikin gari ki ga yawan malamai mata, da yawansu ƴan kontiragi, sannan ki leƙa ofisoshin da ake samun kuɗin zuwa misiyo da alawus na muƙami ki ƙirga. Aiki mai haɗama na Goldin yana nan a wurinmu da wata kama: a tura ka Tanut ko Gure shekara uku ka dawo da ƙarin girma, a kira taro a Yamai na mako biyu, a fita karatu waje. Mai goyo da yara huɗu ba ta iya cewa to kamar yadda namiji zai ce. Hutun haihuwa mako 14 ne a doka, amma raino ba mako 14 ba ne. Sannan tun kafin a zo nan an riga an tace, binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar an yi musu aure kafin shekara 18, kuma matsakaicin haihuwa a lokacin ya kai 7.6 ga kowace mace. Macen da ta kai ga takardar albashi a ƙasar nan zaɓaɓɓiya ce cikin zaɓaɓɓu, shi ya sa in kika kwatanta albashinta da na maza kawai za ki iya ganin rata ƙarama ki yi zaton lafiya lau. Wannan matsalar tacewa James Heckman ya yi mata magani a lissafi tun shekarun 1970, za ki haɗu da sunansa.

Iyakar abin da zan iya ce miki a nan ita ce, sakamakon Goldin na Amurka ne, na masu digiri ne galibi, ba a ɗauko shi a kifa a kan Damagaram. Abin ɗauka a wurinta shi ne hanyar aiki. Kuma ni ba malamin fiƙihu ba ne, zancen hukuncin fitar mace ko zamanta na malamai ne, su za a tambaya. Abin da na sani a matsayin mai lissafi shi ne a addininmu da al'adarmu dukiyar mace tata ce, aljihun miji daban na mata daban, don haka duk ka'idar da ta ɗauki gida kamar mutum ɗaya mai aljihu ɗaya za ta ba ki amsar banza a nan. Mai bincike kuma ba ya shiga gidan mutane ya yi musu wa'azi, ki auna ki rubuta abin da kika gani, in sakamako ya saɓa wa abin da zuciyarki ke so ki rubuta shi haka nan.

In kin ɗaure za ki bi hanyar

Hanya ce, amma doguwa. Lisans shekara 3, mastar 2, doktora aƙalla 3 kuma a zahiri takan wuce haka. In kika shiga koyarwa a jami'a ƙarin girma ta hannun CAMES yake bi, wato majalisar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da suke dubawa shi ne rubuce-rubucen da kika buga a mujallun ilimi, ga gasar agiregasiyo, wato jarrabawar hawa babban matakin malamin jami'a, ga ƴan tattalin arziki. Banda jami'a akwai cibiyar ƙididdiga ta ƙasa INS, akwai BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, akwai ma'aikatu da ƙungiyoyi da kullum suke neman wanda ya iya sarrafa alƙaluma ya kuma iya Hausa. Akwai makarantun ƙididdiga na Abijan da Dakar da Yawunde da ake shiga da gasa, akwai cibiyar binciken tattalin arziki ta AERC a Nairobi da ke tallafa wa masu mastar da doktora na Afirka. Ba zan ɓoye miki ba, a shekarun farko abokan karatunki da suka shiga banki za su riga ki sayen mota.

Abin da zai raba ki da sauran tun yanzu shi ne lissafi. Ki rungumi darasin ƙididdiga da ekonometiri ko da suna ba ki ciwon kai, na ga ɗalibai mata masu kaifin basira da suka so wannan fanni saboda tausayi amma suka guji lissafi, ƙarshenta memuwar ɗinsu ta zama labari kawai ba wanda zai iya jayayya da shi ko ya gina a kansa. Ki koyi manhajar sarrafa alƙaluma ta R, kyauta ce, ko Stata in kin samu. Ki koyi Ingilishi domin kusan duk aikin da na ambata a sama da shi aka rubuta, Faransanci kaɗai ba zai kai ki ba. Bayanai kuma akwai su, binciken rayuwar iyalai na ECVMA na 2011 da 2014, da EHCVM na 2018 zuwa 2019, ana iya neman su ta intanet a shafin Bankin Duniya, kuma ba a taɓa su ba kamar yadda ya kamata. Baƙi suna zuwa su yi aiki mai kyau a ƙasar nan, Jenny Aker ta yi bincike kan wayar salula da kasuwar hatsi, ta kuma yi kan karatun manya a jihohin Doso da Zinder. Ina girmama aikinsu, amma yana yi mini ciwo a ce tafinta ne kawai namu. Ke kina iya shiga tsakar gida ba sallama biyu, kin san bambancin biki da adashe, kin san in mace ta ce "ba komai" me take nufi.

Akwai kuma abin da sai na faɗa miki a matsayin uba. Ratar da kike son ki auna za ta biyo ki har gida. Shekarun doktora su ne shekarun aure da haihuwa. Na ga waɗanda suka haɗa biyun suka gama, kuma kusan dukansu abu ɗaya ne ya taimake su, an yi maganar karatun a fili tun kafin a ɗaura aure, iyaye sun sani, miji ya amince, akwai kuma wata a dangi da ke kama musu yara. Waɗanda aka bar zancen a kan "in an yi aure a gani" su ne na fi rasawa a shekara ta biyu. Don haka kawun nan naki ki jawo shi jiki, irinsa ne ke zama a zaure ranar da za a yi wannan magana.

Tunda kina hutu, ga abin da zan so ki yi kafin ki koma. Ki sayi kaye ɗaya, ki zaɓi mata goma a Birni da kika saba da su, mai fura, mai awara, mai kitso, mai saƙar faifai, mai ɗinki, ki nemi izininsu da na mazajensu, ki kuma yi musu alkawari ba za ki rubuta suna ba. Kwana bakwai a jere ki riƙa zuwa da la'asar kina rubuta abin da kowace ta saya, abin da ta sayar, awa nawa ta yi, wa ya taya ta, da abin da ta yi da kuɗin. Kar ki tambayi na wata guda, ba mai tunawa, na jiya kawai. Sannan ki samu maza goma masu ƙaramar sana'a a unguwar, mai shayi, mai faci, tela, ki yi musu tambayoyin nan dai. Mutum ashirin ba su isa a ce an gano wani abu game da Zinder ba, kar ki kai shi ko'ina a matsayin sakamako. Amma ki fitar da abin da awa ɗaya ke kawo wa kowa, ki zauna da kawunki ku duba tare, in kin koma Yamai kuma ki kai wa malamin da ya ba ku labarin Goldin kayen ya gyara miki tambayoyin.